Abin da Na Gani a Bayan Sabon Kantin Unguwarmu

Gwaggo mai shawara, sannu da aiki. Don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da za ta ɓata miki cin abinci, don ni ta riga ta ɓata min nawa. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Duk wanda na ɗauko a raina, ko dai maganar ta shafe shi, ko kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Kada ki sa sunana.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki, ina da miji da 'ya'ya mata uku. Wata biyar da suka wuce aka buɗe mana wani babban kanti a unguwa, irin wanda mutum ke tura kwando mai taya yana ɗaukar abin da yake so da hannunsa. Ƙofa tana buɗe kanta, sanyi ya doke ka tun daga shiga, daɓe yana ƙyalli har kana ganin fuskarka, tumatir an jera shi kamar za a ɗauke shi hoto. Ba zan yi miki ƙarya ba, ni ce kan gaba wajen zumuɗi. Shekara goma sha biyu ina taka taɓo a kasuwa, ina ciniki har maƙogwarona ya bushe, ina kore ƙuda daga kan naman da zan saya. Na ce to, Allah ya yanke mana wahala. Duk matar da ta kawo min ɗinki sai na yi mata tallar kantin nan, har maigidana yana tsokanata wai nawa suke biyana a wata.

Yayata a can take aiki, kuma a nan maganar take. Ita ta riƙe ni tun ina shekara tara da mahaifiyarmu ta rasu, ita ta saya min keken ɗinkina na farko. Kafin kantin ya zo tana da ɗan shago a bakin titi, firiza biyu, tana sayar da kaza da kifi. Gwaggo, da kin ga tsaftar matar nan a lokacin da kin jinjina. In wuta ta ɗauke ta daɗe, ta buɗe firiza ta ji wani abu ya ɗan sauya, haka za ta kwashe kayan ta haƙa rami ta binne tana hawaye, amma ba za ta sayar ba. Ina budurwa na taɓa shan mari a hannunta don na ce mu karya farashin wani kifi da ya fara laushi. Ta ce min abin da ba za ki sa a bakin ɗanki ba, kada ki sa shi a ledar ɗan wani. Yayar da na sani ke nan.

Da kanti ya buɗe, wata guda bai cika ba shagonta ya mutu, don ba za ta iya sayarwa a farashinsu ba. Ga mijinta ya daɗe a kwance da shanyewar ɓarin jiki, ga yara biyar. Sai manajan kantin ya ɗauke ta a sashen nama, tunda ta san aikin kuma mutanen unguwa sun yarda da ita. Muka yi ta murna. Farar riga, farar hula, safar hannu, na ce Yaya kin koma kamar likita.

Tun da ta fara, duk ranar da na je sayayya, in na ɗauki kaza daga cikin firijin da ke gaba sai ta karɓe ta ce bari ta sauya min da wata, ta shiga ciki ta fito min da wata leda. Ni a wautata na ɗauka gata ne na 'yar gida. Har ina taƙama da shi.

Wata Lahadi ta zo wajena ta manta maganinta na hawan jini a kan teburin ɗinki. Washegari da safe na ce bari in kai mata, in haɗa da cefane. Na shiga, na zaga, na ɗauki sabulu da shinkafa da man girki, na isa sashen nama babu kowa. Sai ga kajin nan da suke shafa wa yaji su liƙa wa jar takarda, rabin farashi. Na ɗauki leda biyu ina jin daɗi. Na tambayi mai gadi, wani dattijo da ya san ni, ya nuna min wata ƙofa mai labulen roba ya ce tana ciki, in leƙa in miƙa mata.

Gwaggo, da na san abin da ke bayan labulen nan da na aika da maganin.

Wari ne ya fara tarbata. Ba ƙarnin nama ba ne, wannan na saba da shi tun ina yarinya. Ɗoyi ne, an danne shi da warin ruwan nan da ake wanke farin kaya da banɗaki da shi, su biyun suna kokawa a hanci. Ƙasa duk ruwa ne ja-ja, yana bin wata magudana da ta toshe da fatar kaza. Manyan robobi uku a jere. A ta farko kaji ne da aka ɓare daga tsofaffin ledoji, wasu sun yi kore-kore a gindin fiffike, suna yauƙi, in an ɗaga ɗaya sai ki ga wani zare yana bin ta. A ta biyu ake tsoma su cikin ruwan wankin nan a cuɗa. A ta uku wata mata tana tsame su tana gogewa da wani tsumma da ban san asalin launinsa ba, tana mulka musu jan yaji har koren ya ɓace. A gefe injin niƙa yana ta ruri, wani mutum yana tura masa guntayen da ko yajin ba zai rufa musu asiri ba. Kwandon shara cike da tsofaffin ledoji da kwanan watansu, na ga ɗaya ta wuce da kwana shida. A ƙarshen teburin kuwa, mai naɗe kaji a sabuwar leda, tana danna na'ura takarda tana fitowa da kwanan ranar, tana liƙawa da babban yatsa cikin ƙwarewa kamar mai liƙa kan sarki, yayata ce.

Ta ɗago muka haɗa ido. Na ajiye maganin a kan wani kwali na juya. Na bar kwandona a tsakiyar kanti da kayan ciki, na fita. Ban kai titi ba na durƙusa a bakin kwata na amayar da karin kumallona kaf. Ina ɗagowa na ga mata suna ta shiga da yaransu, ƙofar nan tana ta buɗe musu kanta. Kyan ɗan maciji, wallahi.

Da yamma bayan ta tashi aiki ta zo. Na kora yara waje, ta zauna a bakin gado ba ta ko cire takalmi ba. Ta ce dokar manaja ce, ba a zubar da komai. Ɗakin sanyinsu yana yawan tsayawa, an ƙi gyarawa. Abin da ya wuce kwanansa a wanke a sake masa takarda. In bai tafi ba a shafa masa yaji a liƙa ja. In har yanzu bai tafi ba, injin niƙa. Ta ce makon farko ta ƙi, sai ya jawo aljihun teburinsa ya nuna mata takardun masu neman aiki cike maƙil, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Wata ma'aikaciya da ta ɗaga murya, washegari ba a bar ta ta wuce bakin ƙofa ba. Yaya ta dube ni ta ce, “To ke faɗa min, in na fito mu ci me? Maganin babansu ke za ki saya?” Ni kuwa ɗinkina bai kai ya ɗauki gida biyu ba.

Duk wannan na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne da ta ƙara da cewa ai mutane suna dafawa sosai, wuta tana kashe komai. Daga bakin matar da ta mare ni a kan kifi mai laushi! Sannan ta ce kada in taɓa duk abin da ke da yaji, ko niƙaƙƙe, ko mai jar takarda, kuma in rufa mata asiri kamar yadda ta rufa min nawa tun ina ƙarama. Na ce to. Na yi alkawari, Gwaggo, da bakina.

Tun daga ranar rayuwata ta koma wata iri. Na koma kasuwa da taɓonta da ƙudajenta, don aƙalla can ƙazantar a fili take, kana ganinta ka kauce. Maigida bai san komai ba. Yana ta yi min ba'a wai an kore ni daga aikin talla. Rannan ya shigo da niƙaƙƙen nama daga kantin yana fara'a, ya ce a yi wa yara wani abu mai daɗi. Yana shiga wanka na ƙulle shi a leda uku na kai bola. Muka kwana biyu ba ma magana, don na ce masa kyanwa ce ta ɗauke, mu kuwa ba mu da kyanwa. Yanzu ya fara zargin ko ciki ne da ni, tunda ko an ambaci kaza sai in tofar da yawu. Ba na faɗa masa ne don na san shi, mai zuciya ne a kusa. Zai je ya tsaya a tsakiyar kanti ya tara mutane, kafin la'asar an san daga inda maganar ta fito.

Abin kunyar ma da ban taɓa zaton zan rubuta ba: ƙyamar hannun yayata nake yi. Hannun da ya yi min wanka, ya yi min kitso. Makon jiya ta ɓare wa autata lemo, na lallaɓa na karɓe na ce yarinyar tana tari. Ta gane. Ta dubi hannunta, ta ɓoye shi a cikin mayafi, ba ta ƙara minti biyar ba ta tafi. Na zauna na yi kuka, amma lemon ban iya ba yarinyar ba.

Yanzu ga babbar maganar. Maƙwabciyata, katanga ɗaya ce tsakaninmu, Maman 'Yan Biyu muke ce mata. Tana da ciki wata bakwai. Mijinta mai fenti ne, yau da aiki gobe babu. Ni da kaina na ja ta zuwa kantin nan farkon buɗewa, ni na nuna mata jar takarda na ce ga inda talaka zai ci nama. Mako uku da suka wuce na shiga sayen sabulu, don har yanzu ina sayen abin da ke rufe daga kamfani, sai muka haɗu a sashen nama. Leda uku ta ɗauka, duk ja. Tana murmushi ta ce Allah ya saka min da na nuna mata wajen nan, yanzu yara suna ganin nama sau biyu a mako. Yaya tana tsaye a bayan teburin sayar da nama, ta sunkuyar da kai tana goge wajen da ba shi da datti. Gwaggo, kin san abin da na iya cewa? Cewa na yi ni dai yajin nan nasu bai yi min ba. Shi ke nan. Ta yi dariya ta ce bakin masu kuɗi ne da ni, ta tura kwandonta ta wuce.

Kwana biyu bayan nan aka kwashe ta zuwa asibiti, amai da gudawa kamar an buɗe famfo. Tagwayen ma sun taɓa, amma nasu da sauƙi. Ita kwana huɗu ta yi ana yi mata ƙarin ruwa, har naƙuda ta so tasowa, da ƙyar likitoci suka tsayar da ita. Likita ya ce gurɓataccen abinci ne, amma bai iya cewa wanne ba. Ni ma ba zan rantse cewa kazar ce ba. Amma zuciyata ta riga ta rantse.

Ni na riƙe tagwayen kwana huɗun nan, ni na yi ta kai abinci asibiti. Mahaifiyarta ta riƙe hannuna tana sa min albarka, wai irin maƙwabtan nan sun ƙare a duniya. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na gaya wa Yaya abin da ya faru, sai ta fashe da kuka, ta ce ba lallai ne kazar ba, ƙila ruwa ne. Washegari ta sa farar rigarta ta tafi aiki.

Maman 'Yan Biyu ta dawo gida yanzu, ta rame, idanu sun faɗa. Jiya ta leƙo ta katanga ta ce in abin cikin nan mace ce sunana za ta sa mata. Sannan ta ce likita ya ce ta riƙa cin nama don jininta ya yi ƙasa, in raka ta kanti ranar Asabar tunda ba ta iya ɗaukar kaya.

Gwaggo, gaba kura baya sayaki. In na yi magana, na tona asirin matar da ta zame min uwa, na cire abinci daga bakin yara biyar da mara lafiya, na karya alkawari. In na yi shiru, Asabar tana zuwa. Ƙyamar kantin nake, ƙyamar manajan nake, ƙyamar hannun yayata nake, amma in na tsaya gaban madubi sai in ga wadda ta fi su duka ba ni ƙyama. Me zan yi? Ko in tattara in ce ba ni da lafiya ranar Asabar? Ki faɗa min gaskiya ko da ɗaci.

Taki,
Telar da abinci ya fita ranta

AMSAR GWAGGO

'Yata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kin yi gaskiya, shayina ya huce ban sha ba. Bari in fara da abin da ba ya jira. Kada ki yi ciwon ƙarya ranar Asabar. In kin kwanta, wata za ta raka ta, jar takardar nan kuma ba za ta sauya launi don ba kya wajen ba. Ki ajiye jaridar nan ki leƙa katanga yau. Ki ce mata kin ga da idonki yadda ake sarrafa naman kantin nan, kada ta ƙara sayen mai yaji, ko niƙaƙƙe, ko mai rangwame, gara ma ta bar naman wajen gaba ɗaya. Ba sai kin ambaci yayarki ba, ba ta buƙatar suna kafin ta tsira. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ranar Asabar kuma ki ɗauki jakarta ki raka ta inda ke kike saya wa 'ya'yanki.

Za ta iya tambayarki tun yaushe kika sani. Ki faɗa mata. Ki ce kin sani ranar da kuka haɗu, tsoro ya ɗaure miki baki, ki roƙe ta gafara. Kada ki je mata da cewa ke kika kwantar da ita a asibiti, don likita ma bai tabbatar ba, kuma mace mai ciki wata bakwai ba ta buƙatar ɗaukar nauyin kukanki a kan nata. Laifinki shi ne shirun, shi za ki amsa. Ƙila ta yi fushi, ƙila ta fasa sa wa jaririya sunanki. Wannan haƙƙinta ne. Ki bar ta ta yi fushinta tana da lafiya.

Batun alkawari kuwa, kada ya hana ki barci. Mutum yana iya ba ki amanar sirrinsa, amma ba ya iya ba ki amanar cutar da wani, don ba tasa ba ce. Kin yi alkawarin ne kina cikin ruɗewa, ga wadda kike jin nauyinta fiye da kowa. Abin da ya rage a kanki game da ita shi ne kada ta ji daga bakin wani. Ki je ki same ta a gidanta, ki zauna, ki ce Yaya na kasa, ga abin da na yi, ga abin da zan yi.

Yanzu bari in tsaya wa yayarki kaɗan, don na ga kin yanke mata hukunci kin gama. Abin da take yi ba daidai ba ne, kuma ta sani. Mai goge wajen da ba shi da datti, mai ɓoye hannu a mayafi, ba wadda zuciyarta ta mutu ba ce. Maganar nan ta wuta tana kashe komai, ba ke take faɗa wa ba, kanta take rarrashi don ta iya tashi da safe. Kuma ba gaskiya ba ce: akwai gubar da ruɓaɓɓen nama ke bari wadda dahuwa ba ta kawar da ita, ga ruwan wanke banɗaki da aka tsoma shi a ciki. Ki faɗa mata haka a hankali. Amma ki tuna wadda ta tsara robobin nan uku ba ita ba ce, kuma ribar ba aljihunta take shiga ba. An nemi mace mai suna mai kyau a unguwa, mai mara lafiya a ɗaki, aka tsayar da ita a gaba don mutane su ga fuskarta su saki jiki. Mutuncinta manajan ya ɗauka aiki. Ki kai mafi yawan ƙyamarki can, ta fi dacewa.

Ki kuma sanar da ita abin da ƙila ba ta lissafa ba. Irin wannan ɓarna ba ta dawwama a ɓoye. Ranar da wani ya mutu, ko masu bincike suka faɗo, manaja zai ɗaga hannu ya ce bai sani ba, sai a tambaya wa ke danna na'urar kwanan wata. Aikin da take riƙe da shi da haƙora shi ne zai kai ta gaban hukuma. Don haka fitar da hannunta daga robar nan ba don maƙwabta kaɗai ba ne, don 'ya'yanta biyar ne. Ta nemi a sauya mata sashe, ko ta fara neman wani wajen tun yau. Ba zan ruɗe ki ba, tana iya rasa aikin, kuma watannin da za su biyo baya za su yi tsauri. Nan ne za ki nuna ke ƙanwa ce. Kada ki je mata da wa'azi hannu sake. Ki je da abin da za ki iya ɗauka ko da kaɗan ne, ko cin ranar yara biyu a gidanki, ko wani ɓangare na maganin babansu, ki kuma tayar da sauran dangi, don bai kamata a ce mace ɗaya ce ke ɗauke da gidan nan kowa yana kallo ba.

Wannan ya kawo mu kan maigidanki. Ki faɗa masa. Mutumin da ke shiga kantin nan da ƙafarsa yana sayo wa 'ya'yanki niƙaƙƙen nama ba wanda za a ɓoye wa ba ne, kuma ba kullum kyanwar da ba ku da ita za ta cece ki ba. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki fara da cewa akwai maganar da kike neman shawararsa a kai, kuma tana buƙatar sanyin kai don rufin asirin Yaya yana ciki. Mai zuciya a kusa sau da yawa yakan huce in aka ba shi aikin yi maimakon labari kawai.

Aikin kuwa ga shi. Gargaɗin maƙwabciya ɗaya ba ya isa, don unguwar cike take da masu ciki da tsofaffi da yara. Akwai hukumar da ke duba lafiyar abinci, ku kai ƙara can, a rubuce, a matsayinku na masu sayayya. Ku faɗi abin da aka gani da ranar da aka gani, ku ce a duba ɗakin sanyi da bayan sashen nama da safe ba tare da sanarwa ba, ku roƙi a sakaya sunanku. Maƙwabciyarki ma, in ta yarda, takardar asibitinta za ta ƙara wa maganar nauyi. Ku ba Yaya kwanaki kaɗan ta shirya, kwanaki na ce, ba watanni ba. In ta samu ƙarfin zuciya ta ba da shaida da kanta, ya fi mata kariya fiye da a same ta da na'ura a hannu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tara jama'a a ƙofar kanti ko watsa magana a waya. Hayaniya tana ba mai laifi lokacin wanke robobinsa, ta bar ƙananan ma'aikata da duka.

Ƙyamar kanki da kike ji kuma, ta isa haka. Ta yi aikinta tunda ta sa kin ɗauki biro. In kika ci gaba da zama da ita ba tare da kin motsa ba, ta zama wani nau'in lalaci mai kama da nadama. Kin yi shirun makonni saboda ƙauna da tsoro, mutane da yawa da suka fi ki baki sun yi shirun da ya fi wannan tsawo. Tashi ki gyara.

Yayarki za ta ji zafi, ƙila ta ce kin ci amanarta, ƙila ta daina amsa gaisuwarki na ɗan lokaci. Kada ki daina zuwa. Ki je ranar da ta kore ki, ki koma washegari. Allah ya sauki maƙwabciyarki lafiya, ya ba mijin Yaya sauƙi, ya buɗa mata wata ƙofar da za ta ci halal ɗinta kai a ɗage. Ke kuma Allah ya dawo miki da daɗin bakinki. Yanzu tashi, katangar ba ta da nisa.

Gwaggonku